Shekarar da Namadi Ya Bar Zaƙi

Na dawo Gummi a shekarar 2003, bayan dogon zaman karatu a Ibadan, na tarar yaran unguwarmu suna kauce wa ƙofar gidan Namadi. Abin ya ɗaure mini kai, domin lokacin da na tafi babu ƙofar da suke cika kamar tasa.

Namadi ƙanen mahaifina ne, Baffa nake ce masa. Mazarƙwaila yake dafawa. Yana da gonar rake a fadama, da injin matsa wanda wani kilin doki ke juyawa, da manyan kasake na ƙarfe da ruwan raken ke tafasa a ciki har ya kama. Na san shi ƙato, mai yawan dariya, bakinsa ba ya rabo da tauna. Kokonsa na safe sai ya koma ja saboda mazarƙwaila. In ya ci ya ƙoshi, barci ke kayar da shi a gindin tsamiya, ya tashi yana mita, ya sake ɓarar wata.

Matarsa Iyatu ce ta ba ni labarin abin da ya faru bayana. Ƙishirwa ta fara damunsa, da yawan fitsari, ya rame har riga tana yawo a jikinsa. Aka kai shi wani asibiti a Sakkwato, aka ce ciwon sukari ne. Aka ba shi ƙwayoyi, aka ce ya rage zaƙi.

Namadi bai san ragi ba. Da ya dawo gida, ya ɗora hannu a kan Alƙur'ani ya rantse zaƙi ba zai ƙara shiga bakinsa ba. Ya bar koko, ya bar fura, ya bar tuwon shinkafa. Ƙwayar da aka ce ya sha ɗaya, ya mayar da ita biyu don ya warke da wuri. Da safe sai ya haɗiye su da ruwa, ya nufi fadama ciki babu komai, sai yamma ya ci kwaɗon zogale. Ko ɗanɗana mazarƙwailar don a san ta nuna, babban ɗansa Usama ya bar wa.

Dokin ne farkon wanda ya taɓa. Wata rana gab da azahar kilin ya tsaya yana hutu, kamar yadda ya saba. Namadi ya zaro muciyar da ake juya kasko ya hau shi da duka a fuska, dokin yana ɗaure da sandar injin, ba hanyar gudu. Bai bari ba sai da idon hagu ya fashe. Da yamma ya tsaya a gaban dabbar yana tambaya wane mugu ne ya yi wannan aiki.

Na biyun a gabana aka yi. Na je fadama don in ga yadda ake dahuwa. Na lura Baffa yana gumi mai yawa alhali yana cikin inuwa, hannunsa na rawa, yana maimaita magana ɗaya. Usama ya ce, "Baba, wutar ta isa hakanan." Shi ke nan. Namadi ya ɗauki itacen wuta ya sauke masa. Usama ya kare da hannu, na ji ƙashin ya yi ƙara. Ya faɗi a gefen kasko, tafasasshen ruwan rake ya fallatso masa a wuya. Ubansa ya tsaya a kansa yana huci, yana kallonsa kamar bai taɓa ganinsa ba.

Isa, babban yayan Namadi da mahaifina, shi ya tara dangi. Hujjarsa a fili take: abin ba ya tashi sai a fadama, ba ya tashi sai rana ta take, kuma kusa da tsamiya. Wa ke yawo a irin wannan wuri a irin wannan lokaci in ba aljani ba? Aka yanke a kai shi wurin wani malami can wajen Anka, mai sa wa masu taɓin hankali mari a ƙafa. Iyatu ba ta yarda ba. Ƙanenta can aka kai shi, gawarsa aka dawo da ita da gyambo a ƙafafu.

"Yaya, in kunka kai shi, ba ya dawowa," in ji ta.

"In munka bar shi, ke za mu rufe," in ji Isa.

Aka ɗauko mota ta jira a bakin hanya, maza suka laɓe cikin rake har abin ya motsa. Da suka fito da igiya, Namadi ya tare su da adda. Wani ya doke masa hannu da gora, addar ta faɗi, suka rufe shi. Ramammen mutumin nan ya watsar da su. Ya yi wa ɗaya karo a baki har haƙori ya fita, ya kama kunnen Isa da haƙora bai saki ba sai da aka danna masa gora a haƙarƙari. Suka kayar da shi, suka durƙusa a bayansa, suka ɗaure shi a turken injin, jini da ƙasa duk a gemunsa.

Sai ya daina kokawa. Kansa ya langaɓe, idanu suka juye, ya fara wani irin minshari.

Isa, yana riƙe da kunne, ya ce, "To, ga shi nan shina fita."

Iyatu ta iso da gudu daga gida. Ta taɓa goshinsa, ta ji shi sanyi ƙalau.

"Ba fita ba ne, Yaya. Mutuwa ce."

Ta juya wurin da aka jera mazarƙwailar jiya, ta ɓaro gefe ɗaya, ta tsoma a ruwa.

"Ke, likita ya hana. Kuma ya yi rantsuwa," in ji Isa.

"Mutumin da ya ciyar da garin ga zaƙi ba ya tafiya da ɗacin baki. Kaffarar ni ka yi."

Ba magani take nufi ba, sallama take yi da mijinta. Ta buɗe leɓensa ta goga masa a dasashi, ta ƙara, ta ƙara, tana karanta masa kalmar shahada. Muna tsaye muna jiran ƙarshe. Can sai harshensa ya motsa. Ya haɗiye. Ya buɗe ido ya dubi igiyar, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya ɗaure ni kamar ragon layya?" Ya sake tauna abin da ke bakinsa, ya yamutsa fuska. "Wagga ta kama ƙasa. Usama, ka cika mata wuta."

Motar da aka ɗauko don Anka asibiti ta kai shi. Na tambayi ma'aikaciyar jinyar da ta auna jininsa yadda yunwa za ta mayar da mutum haka. Ta ce ƙwaƙwalwa ba ta da rumbu, abin da jini ya kawo mata shi take ci nan take. In sukari ya yi yawa, mutum ya yi nauyi, ya yi kasala. In ƙwaya ta kwashe shi kuma babu abinci, hankali ke fara tafiya, tsoro da fushi su rage a gidan. Ta ce rage zaƙin daidai ne, barin abincin da ninka ƙwayar ne suka kusa kashe shi.

Namadi ya yi kaffarar rantsuwarsa da kansa. Ya koma karin kumallo, ƙwaya ɗaya, da ɗan gutsuren mazarƙwaila a aljihu wanda ba ya taɓawa sai hannu ya fara rawa. Bai sake dukan kowa ba. Hannun Usama ya ɗoru a karkace, Isa kuma har ya rasu hularsa a jirkice take wajen kunnen nan.

Dokin ne bai karɓi bayani ba. Duk safiya Namadi kan kawo masa dusa, kilin ya ja da baya iyakar tsawon igiyarsa, ya juyo masa ido mai gani. Sai Baffa ya ajiye kwanon a ƙasa, ya koma nesa ya tsuguna, har ya ji ya fara ci.