Takwas da Rabi, Agogon Kano

Litinin: Kano zuwa Madina

Ƙarfe huɗu saura kwata na asubahin Litinin na ja ƙofar gida, jaka a hannu, ƙaramar kyamara rataye a wuya. An kwana ana ruwa, layinmu duk taɓo. Maigidana ya kai ni filin jirgi.

Bari in faɗa muku abin da ya fitar da ni. Shekara shida ina gabatar da wani shiri na rabin awa a gidan talabijin ɗinmu, duk Juma'a da takwas da rabi na dare, bayan an fito Isha. Hira nake da tsofaffi, su ba da labarin rayuwarsu. Ana zaune lafiya sai gidan talabijin na tsallaken titi, abokan hamayyarmu, suka ɗauko wasan kwaikwayonsu mai farin jini suka dasa shi daidai lokacina.

Manajanmu, wanda a bayan idonsa muke ce wa Ɗan Ingila, ya taɓa yin kwas a can, kuma har yau bai warke ba. Kullum labarinsa yadda manyan gidajen talabijin na Ingila ke kokawa a kan daren Asabar, wannan ya sa gasar rawa, wancan ya ɗora gasar waƙa a kanta, da safe kuma a kawo wa kowa adadin waɗanda suka kalle shi. Mu ba mu da na'urar ƙirga masu kallo. Abin da muke da shi Malam Iro ne, dattijon masinjanmu, da babur ɗinsa da littafinsa. Ran Juma'a da dare yakan zaga teburan masu shayi da shagunan aski, ya rubuta tashar da aka kunna. Mako uku littafin Malam Iro yana ba ni kunya. Manaja ya ce ya ba ni Juma'a ɗaya tak. In ban dawo da masu kallo ba, shirina ya koma Talata da hantsi, lokacin da ba wuta, ba kowa a gida. Wannan kuwa binne shiri ne da ransa.

Shi ya sa na nufi Madina. Ɗan yayar mahaifiyata, Yaya Habibu, yana aikin harhaɗa magunguna a can, shi ya ba ni labarin wata tsohuwa da ta taka daga ƙasar Hausa zuwa Hijaz da ƙafa tana yarinya.

Jirgi ya ɗaga bakwai da rabi. Awa biyar muna sama, na ƙi cin komai sai ruwa. Mun sauka Jidda biyu da rabi agogonsu, don sun riga mu da awa biyu. A layin duba fasfo jami'in ya juya kyamarata sau biyu, ya karanta takardar da Yaya Habibu ya aiko mini, sannan ya buga hatimi. Ina kunna waya saƙon Manaja ya shigo: ya matso da shirina takwas da kwata, don mu riga su kama mutane.

Jirgin ƙasa ya tashi ƙarfe biyar. Kilomita ɗari huɗu da wani abu ya cinye cikin awa biyu, duwatsu baƙaƙe suna wucewa ta taga. Yaya Habibu na jirana a tasha. Zafi ya mare ni ina fitowa, ga rana ta kusa faɗuwa.

"Binta, kin rame," ya ce.

"Yaya, talabijin ce ke cina."

Gidansa a unguwar Al-Ranuna yake, kusa da Ƙuba, hawa na biyu. Matarsa ta ajiye mini shinkafa da kaza da ɗanyen dabino mai sanyi. Na ci don kunya.

Talata: Harra ta Yamma

Na yi Asuba a Masallacin Annabi, na yi ziyara, na yi kuka son raina. Ba zan ɓoye ba, cikin addu'o'ina har da takwas da rabi. Muna dawowa muka tsaya aka sayo wake da burodin tanda na riyal biyar. Kafin in gama karyawa wani saƙon ya shigo. Na tsallaken titi sun koma ƙarfe takwas, don haka mu mun koma bakwai da rabi. Na ce a raina, to, wannan kuma ya hau kan Isha, amma na yi shiru. Wanda ake shirin kora ba ya gyara wa manaja jadawali.

Ƙarfe goma jikan tsohuwar ya zo ɗaukata. Sunansa Faisal, magidanci ne, ma'aikacin asibiti. Ina yi masa Hausa yana ji sarai, amsa kuwa sai da Larabci.

"Hajja ta san da kyamara zan zo?"

"Aiwa, ya khala," ya ce, wato eh, inna, ya ɗan karkata hannu yadda ake yi in abu bai tabbata ba.

Minti ashirin muka yi zuwa unguwarsu, Harra ta Yamma. Hajja Zainabu na zaune a kan darduma a ɗakin mata, 'yar ƙarama, idanu tar. Na durƙusa na gaishe ta.

"Ya hala, ya hala da mutanen gida. 'Yar nan, wane gari?"

Hausarta irin ta kakata ce, sai dai Larabci na faɗowa ciki kamar tsakuwa a shinkafa, irin "ya hala" ɗin nan, wato maraba. Aka kawo gahawa, aka kawo shayi, aka kawo abinci. Duk lokacin da hannuna ya nufi jakar kyamara sai ta turo mini faranti. Ta tambayi uwata, ta tambayi damina, ta tambaya ko har yanzu ana kirɓa fura a turmi. La'asar ta yi ban ɗauki ko tari ba. Da na daure na faɗi buƙatata, sai ta dube ni sama da ƙasa.

"A gidan nan baƙo ba ya aiki ran da ya zo. Bukra, sai gobe, in sha Allah. Kuma fuskata ba ta shiga akwatin nan."

A mota na lissafa: gobe Laraba, jibi jirgina, gata shiri. Ga shi ba fuska. Wa zai bar wasan kwaikwayo ya kalli bango?

Laraba: Al-Awali

Shida da rabi na safe Faisal ya kwashe mu zuwa gonar dabinon wani surukinsu a Al-Awali, tafiyar rabin awa. Katanga ce doguwa, ciki inuwa da ƙarar ruwa a kwata. Lokacin tsinkar dabino ne, ma'aikata na sama. Aka shimfiɗa wa Hajja tabarma, aka ajiye mata tire tana ware nunannu. Na saita kyamara a kan hannayenta kawai, lalle ya dafe a yatsun, jijiyoyi sun fito.

Sai ta fara da "ya hala da mutanen gida" ɗinta na jiya, ni kuwa na manta da Manaja. Sun bar wani ƙauye gabas da Kano tana da shekara shida ko bakwai. Shekara bakwai suna hanya, suna tsayawa su yi ƙwadago, su tsinci auduga a Sudan, su ƙara gaba. Jakinsu ya mutu, ta ɗauki tukunya a ka. Mahaifiyarta ta rasu kafin su ga teku. Sannan ta zo kan abin da ya sa ta yarda da ni tun farko. Sun baro yayanta, Ɗanladi, wurin kakarsu, saboda ƙafarsa na ciwo, da niyyar su dawo bayan Hajji. Ba su koma ba. Ta faɗi sunansa da na ubansu da na ƙauyen, a hankali, sau biyu.

"Shi dai ya tafi, na sani. Amma ko jikansa ya ji, ya san ba mantawa muka yi ba."

Wayata ta yi ƙara a jaka. Na duba. Na tsallaken titi sun koma bakwai, mu kuma bakwai saura ashirin. Ban san na karanta a fili ba sai da Hajja ta daina tsintar dabino.

"Yaushe ke nan za a ji ni?"

"Bakwai saura ashirin, Hajja, agogon gida."

"Ni ban san agogo ba. Kafin Magariba ko bayanta?"

Faisal ya latsa wayarsa, ya nuna mini lokutan sallar Kano. Minti kaɗan da fara shirin ladan zai kira. Wallahi kunya ta rufe ni. Ni da aka haifa a Kano, sai da tsohuwar da ta bar ƙasar shekara aru-aru ta tuna mini.

"La, la, a'a," ta ce. "Ran da muka binne innata a hanya ma ba mu saki Magariba ba. Yanzu muryata ce za ta zauna tsakanin mutum da alwalarsa? Wanda ya tashi salla ba zai ji sunan Ɗanladi ba. Wanda ya zauna don ni, alhakinsa a wuyana. Khalas, shi ke nan, goge muryar."

Na roƙe ta kada a goge. Na yi mata alkawari, a garin Manzon Allah, cewa ba za a sa muryarta ba sai bayan Isha. Na faɗa kafin in yi tunanin wanda zan gaya wa.

Na koma bayan wani dabino na kira Manaja.

"Ranka ya daɗe, hira ta samu. Amma sai dai takwas da rabi."

"Binta, ba ki gane dabarar ba. A Ingila wanda ya fara kama mai kallo shi ke riƙe shi. Su kunna tasharmu, su je salla, su dawo su tarar da mu."

"Yallaɓai, mutumin Ingila ba ya tashi Magariba. Namu in ya tashi kashe akwatin yake, yara su tafi masallaci, mata su shiga rabon tuwo. Na yi wa tsohuwa alkawari. In ba takwas da rabi ba, a maimaita tsohon shiri."

"Kin san abin da kike jawo wa kanki?"

"Na sani."

Ya kashe wayar. Na tsaya ina kallon tururuwa na jan ƙwallon dabino. Da za mu rabu Hajja ta cika mini leda da wanda ta ware da hannunta, ta dafa kaina ta yi addu'a.

Alhamis: hanyar gida

Na yi bankwana da Masallaci bayan Asuba. Yaya Habibu ya sa ni a jirgin ƙasa na takwas, goma na Jidda, jirginmu ya ɗaga biyu da rabi. Katin kyamarar na ƙulle shi a bakin zane kamar 'yar kasuwa, ina taɓawa kowane minti goma. Daga Madina har Kano ba saƙo ko ɗaya daga Manaja. Da yana turo saƙo ina jin haushi, yanzu shirunsa ya fi tayar mini da hankali. Mun sauka biyar da rabi agogon gida, ana yayyafi.

Juma'a: Kano

Tun bakwai ina ɗakin tace hoto. Allon jadawali na ofis har yanzu yana cewa bakwai saura ashirin. Na gama ƙarfe uku, na zauna da katin a tafin hannu. Ƙarfe huɗu Manaja ya fito, bai kalle ni ba, ya goge, ya rubuta takwas da rabi.

"Na tsallake sun ji namu, sun koma shida da rabi," ya ce. "Su je su yi. Amma in Iro ya dawo da littafi fayau, Talata ce."

Na kasa zama a ofis. Na tafi gida, na yi Magariba, na yi Isha. Wuta ta zo takwas saura. Da lokaci ya yi na kasa kunna tamu, na sa hijabi na ce wa maigida zan sayo sabulu. Teburin mai shayin bakin layi ƙwallo suke kallo. Na juyo cikin layi. A gida na farko, ta kan katanga, na ji "ya hala da mutanen gida". Na ɗauka kunnena ne. Gida na biyu ma ita ce. Na uku an kashe. Na huɗu wata mata na tsawata wa yara su yi shiru ta ji. Haka na taka taɓon nan a hankali, muryar Hajja na miƙa ni daga katanga zuwa katanga, na isa ƙofarmu daidai tana faɗin sunan ƙauyensu karo na biyu. Na jingina da ƙofar na share fuska.

Da safe littafin Malam Iro bai cika ba, masu shayi ƙwallo ta tafi da su. Amma ya gaya wa Manaja cewa shi kansa bai samu tuwo ba sai da shirin ya ƙare, don matan gidansa na kallo, kuma a ƙasan shafin ya rubuta da babban baƙi: "Ba a ƙirga cikin gidaje ba." Manaja ya daɗe yana kallon layin nan. Shirina na nan a takwas da rabi.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Yaya Habibu da iyalinsa, da Faisal da bai gaji da Hausata ba, da Hajja Zainabu, Allah ya ƙara mata lafiya. Duk Juma'a Faisal na turo mini saƙo iri ɗaya daga bakinta: an samu wani? Har yau ba wanda ya kira a kan Ɗanladi. Lambar da muka sa a ƙasan hoton tawa ce, kuma ko tuwo nake tuƙawa, in ta yi ƙara sai na ɗauka.