Rayuwar Malam Isyaku Mai Gafaka da Littattafan Bature Bakwai

Haihuwa

An haifi Malam Isyaku a shekarar 1897 a unguwar Mandawari, cikin birnin Kano. Mahaifinsa Malam Tanko baduku ne, mahaifiyarsa Indo kuwa mutuniyar Gwammaja ce.

Karatu da Sana'a

Ya yi karatun allo har ya sauke, boko kuwa ko harafi ɗaya bai sani ba. Tun 1912 ya zauna rumfar mahaifinsa a kasuwar Kurmi, ya ƙware wajen ɗinka gafaka, wato jakar fata da ake adana littafi a ciki, har ta kai malaman birni ba sa kai littattafansu gyara wurin kowa sai wurinsa.

Aure

Ya auri Hajo a 1921, ya ƙara da Mero a 1930.

Littattafan Bature

A 1953 wani Bature mai sayen gyaɗa ya yi gwanjon kayansa zai koma gida, Malam Isyaku ya sayi wani akwati don fatar da ke jikin akwatin, sai ya tarar da tsofaffin littattafai bakwai a ciki, masu bangon fata da ruwan zinare. A iya saninsa ba a ɓata fata da zinare sai a kan ilmi, saboda haka ya ɗinka musu jar gafaka, ya jera su a kanta ɗaya da littattafan fikihun da malamai suka kawo gyara.

A 1954 wani akawu mai suna Jibrin ya buɗe ɗaya, ya karanta rabin shafi, ya rufe da sauri. Ya shaida wa mai rumfa, a gaban mutane, cewa labaran masha'a ne na attajiran Ingila da gidajen karuwansu, an buga su a ɓoye kusan shekara ɗari biyu da suka wuce, da sunan garin ƙarya da maɗaba'ar ƙarya, domin hukumar can tana ɗaure mai buga irinsu.

Kafin Juma'a magana ta cika birni. Malamai suka kwashe littattafansu, limamin unguwa ya aiko cewa a ƙone na Baturen in ana son aiki ya dawo. Malam Isyaku ya ƙi. Ya ce shi bai taɓa cinna wa rubutu wuta ba, kuma ba zai rabu da su ba sai ya gane abin da ya sa mutum zai sayi takarda mai tsada haka, ya yi ɗinkin da ya kai shekara ɗari biyu bai kwance ba, a kan maganar da shi mai bugawar kansa yake jin kunyar sa mata sunansa.

Ƙarshen Rayuwa

Daga nan ya koma ɗinkin takalma. Shekara huɗu yana kiran Jibrin ya fassara masa shafin farko kawai, ya hana shi wucewa. Malam Isyaku ya kuma warware ɗinkin biyu daga cikin littattafan ya koyi ƙullinsu. Gaskiyar magana, amsar da yake nema bai same ta ba.

Rasuwa

Ya rasu ranar Talata, cikin watan Safar, 1958, aka binne shi bayan azahar, limamin nan ne ya yi masa salla. Bisa wasiyyarsa aka haƙa rami a bayan gida aka rufe littattafan, ba a ƙona ba. Ya bar 'ya'ya huɗu: 'Yardada, Baffa, Mailafiya, da Garba wanda ya gaji rumfar ya kuma gaji ƙullin, amma har yau takalma yake ɗinkawa, ba malamin da ya sake kawo littafi.