Gijs da Kalmar da Ya Ce Tasa Ce

Duk garin Woerden babu wanda bai gaji da labarin Gijs Verkuil ba. Tsohon direban motar cuku ne, dukiyarsa keke da baki. Abin tinƙahonsa ɗaya ne a duniya: wai shi ya shigo da kalmar "crashen" cikin harshensu na Holanci, wadda yau kowa ke faɗa in kwamfuta ta sume.

A cewarsa, yana saurayi kwamfutar kamfanin cukunsu ta tsaya cik. Baturen Ingila da ya zo gyara ya yi ta nanata kalmar, wadda a garinsu ake faɗa wa mota in ta yi karo. Gijs ya ɗauke ta ya kai shagon shan kofi, daga nan ta bazu.

Gaskiyar kuwa, matarsa Neeltje ce ke aiki da na'urar. Ita ta ji kalmar, ta faɗa masa a bakin ƙofa, don shi ko ofishin ba a barinsa ya taka saboda warin takalminsa. Ta bar masa labarin, shi kuma tun aurensu yake feraye dankali ba gardama. Ba su taɓa yin wannan ciniki da baki ba.

Ranar bikin zagayowar haihuwarsa, dangi sun kewaye falo, kowa da kofi da biskit guda, sai Marit, matar jikansa mai binciken asalin kalmomi, ta ce za ta sa sunansa a aikinta.

"Kaka, da na'urar ta tsaya, me ta nuna?"

Gijs bai taɓa ganin na'urar ba. In labarin nan ya rushe a gaban jikoki, me ya rage masa? Ya dubi Neeltje kamar maraya.

"Tsoho, mantuwa ce?" in ji Neeltje, tana rufe gwangwanin biskit a hankali. "Ba mamaki. Wanda ya manta alkawarin kai ni makarantar rawa ai komai ma zai manta."

"Wa ya manta? Asabar ɗin nan za mu fara!"

"To. Fuskar na'urar kore ta yi, ta cika da taurari," ta ce wa Marit. "Shi ya gaya min."

Sunan Gijs ya shiga binciken. Yanzu duk Asabar za ka same shi yana gumi, yana tattaka mata ƙafa, ita kuwa Neeltje tana dariya a kafaɗarsa. Tun suna saurayi da budurwa take roƙonsa rawar nan.