Kunnen Aro a Buji

Ana idar da sallar asuba muka bar unguwar Yalwawa a Dutse, ni da abokin aikina da direban a-kori-kura, sifiku huɗu a baya ɗaure da igiya kamar ragunan kasuwa. Tun da aka fara shari'ar Musulunci a jiharmu babu wanda ya kira ni kiɗan biki, har matata ta fara shanya wanki a kan sifikun. Saboda haka da wani manomi a Buji ya aiko cewa zai yi wa ɗansa aure, ban tsaya jan aji ba.

Kwalta ta yi mana adalci, amma da muka sauka burji, duk ramin da mota ta faɗa sai gabana ya faɗi saboda amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti. Kaka ce, ga dammunan gero jingine a gonaki, amalanke na ta kai da kawowa. Mun tsaya wajen wata Bafulatana muka sha fura da nono. Kuɗin da ya ƙosar da mu uku a nan, a Dutse mutum ɗaya ma sai ya nemi ƙari.

Uban ango ya tarbe mu da alkawarin da ya ɗauka gaban liman: taron na mata ne zalla, namiji ba zai shiga ba, kuma in aka jiyo kiɗa a masallaci, biki ya tashi. Masallacin kuwa gida uku ne tsakani. Na san in taron nan ya watse a hannuna, sai dai in nemi wata sana'a.

Wurin tsohon sito ne, bangon siminti, rufin kwano. Na tafa hannu sau ɗaya, ɗakin ya amsa mini sau uku. Na sa kaset, kwanon ya kama ɓari. Sai na janye sifiku daga kusurwa, muka rataya tabarmi a bango, muka jera buhunan gero a ɓangaren masallaci. A kan ikwalaiza, na'urar daidaita sauti, na sauke nauyin ganga, don shi ke ratsa bango. Abokina ya taka har ƙofar masallaci, ya dawo ya ce ban da kaji bai ji komai ba.

Bayan azahar mata suka shiga, ni kuma na zaro wayar sifiku ta taga na zauna gindin darbejiya da na'urorina. A nan wautata ta fito: ɗakin da babu kowa na daidaita. Jikin mutane da zannuwa da mayafai suka shanye sautin tas. Ba a jima ba gwaggon ango ta fito tana huci.

"Kai mai kiɗa, daga cikin rijiya kake sako mana shi? Mata sun zauna suna hira."

Abokina ya ce in ƙara ƙara kawai. Na ƙi, don wannan kai tsaye masallaci zai nufa. Na ce, "Gwaggo, ara mini kunnenki. Ki shiga ki saurara, ki zo ki gaya mini."

Ta dawo ta ce ganga ta danne mai waƙa. Na ɗaga murya. Ta ce yanzu kuma yana tsira mata kunne kamar usur, na ɗan sassauta. Sau huɗu tana zirga-zirga tana yi mini faɗa. A na biyar ba ta fito ba. Ta taga na ji takun ƙafafu ya haɗu wuri ɗaya, na san an miƙe.

Da la'asar liman ya zo wucewa, ya tsaya kaina ya ce, "Malam, an fasa bikin ne?" Wallahi ban taɓa jin yabon da ya yi mini daɗi kamar wannan tambaya ba.

Mun shigo Dutse ana kiran magariba, da kaza biyu da uban ango ya sa mana a mota. Shekara tara ina kiɗa, ina ɗauka gwaninta ita ce a jiyo ni daga unguwa uku. Sai a Buji na gane cewa kowane ɗaki da abin da yake ɗauka, kuma kiɗan da na fi alfahari da shi a rayuwata ni kaina ban ji shi ba.