Hancin Kawu Garba

Ku da kuka san Kawu Garba mai sayen riɗi a kasuwar Haɗeja, kun san ba ya gaisawa da mutum sai ya gaisa da buhunsa. Ya zura hanci a bakin buhu, ya ja numfashi, ya lumshe ido. Mai kaya kuwa gabansa na dukan uku-uku kamar yana gaban alƙali.

Tsoronsa ɗaya ne a duniya: kada Turawan da ke sayen riɗinmu su hana wani maganin ƙwari bai ji ba. Rediyo a kafaɗa, waya a kunne, kullum yana damun dillalinsa na Legas: "Yau me suka hana? Yaushe ne wa'adin?" Na taɓa ce masa, "Kawu, ai sai baɗi dokar za ta fara aiki." Ya zabura. "Kai Habu, ɗan yau! Jirgin ruwa tafiyar hawainiya yake. In doka ta riga shi isa, uban wa zai fisshe mu?"

Ranar bikin 'yarsa aka kawo shinkafa da wake. Ya sunkuya ya shinshina, ya ture kwanon.

"Wannan waken ya sha fiya-fiya!"

Uwar ango ta ce, "Haba Alhaji, ai ba Turai za shi ba, cikinka za shi."

"To cikina bola ne?"

Mun yi dariya har da hawaye.

Sai shekarar da surukinsa ya kawo riɗi daga Jahun. Hanci ya shiga buhu, ya fito a murtuke.

"Da me ka feshe shi?"

"Da wanda ka ce mu saya bara, Baba."

"Bara halal ne, bana ya zama mushe. Kwashe!"

Surukin ya yi zuciya, ya sayar wa maƙwabcin rumfarmu. Har ni na ce tsohon nan ya fara zarewa. Ashe! Kayan na isa Turai aka gwada, aka ƙona su ƙurmus. Maƙwabcin nan sai da ya rabu da gonarsa ta fadama. Kawu kuwa ya ci gaba da shinshinar buhunansa. Tun ranar ba wanda ya ƙara yi masa dariya.

Shinshinar nan ce ta cinye masa ƙirji. A asibiti ma, da ma'aikaciyar jinya ta ɗauko allura, sai da ya riƙe gefen gado ya ce, "'Yar nan, wannan dai ba a hana shi ba ko?"

Bana rumfar a hannuna take, riɗi ya cika ta. An ce wata sabuwar doka na tafe, ban san wane magani za ta hau kansa ba. Na zura hanci a buhu, ƙura kawai nake ji. Wallahi tsoro nake.

Allah ya jiƙan Kawu, ya shaƙar da shi ƙamshin Aljanna, inda ba abin da za a hana shi. Mu kuma ya rufa mana asiri har jirgi ya isa.