Ƙarfe Bai San An Samu Mulkin Kai Ba

Waɗanda suka san tashar motocin Kalley a Yamai farkon mulkin kai, in ka ce musu Illo mai faci, sai sun yi dariya tukuna kafin su ce Allah ya jiƙansa. Bagobiri ne, mutumin Tsibiri, gajere mai faɗin ƙirji, da zanen Gobir har kunne. Muryarsa irin ta wanda ya saba magana kusa da inji ce, ko gaisuwa yake maka sai ka ɗauka faɗa ne. Bai yi lakkol ba, wato makarantar boko. Haruffan boko biyu kaɗai ya sani duk duniya, G da D, kuma yakan ce sun ishe shi.

A garejin sojan Faransa ya koye su, inda ya shekara tara yana cire ƙafafun manyan motoci yana mayarwa. Ƙafar kamiyo, wato babbar motar kaya, ƙarafa takwas masu zare ne ke riƙe ta, su ake kira bulon, kowanne da ekuru da ake murɗawa a bakinsa. A kan kowane bulon an buga harafi. D na gefen dama ne, ana ɗaure shi kamar murfin kwalba. G na gefen hagu ne, kuma zarensa a juye aka yi shi, don kada gudun mota ya kwance shi. Wanda bai san wannan ba, in ya zo kwancewa, ƙara ɗaurewa yake yi yana zufa.

Da ya bar garejin, ɗan garinsu Alhaji Hamidu, mai kamiyo biyu da shagon gishiri, ya ba shi gindin wani dogonyaro jikin katangarsa, daidai bakin tasha. Babu wurin da ya fi nan ga mai faci, duk motar da za ta fita sai ta gitta gabansa. Alhajin ne kuma ya tsaya masa waliyyi ranar da ya auri Sa'adatu. Nan Illo ya kafa rabin gangarsa ta ruwa da yake tsoma shambur, robar cikin taya, don ganin inda iska ke fita, da famfon hannu, da kirik na ɗaga mota, da kile na ɗaure ekuru da kwance shi, da gungumen gawo da ba ya yarda kowa ya shiga ƙarƙashin mota sai an tokare ta da shi.

Shoferori, wato direbobi, suna ƙorafi da shi, amma wurinsa suke zuwa. Ba ya ɗaure ekuru a jere, sai a gicciye, wannan sannan na gabansa, ko da fasinja na zagi. In ya sa maka ƙafa, sai ya ce ka je Saga, nan bayan gari, ka dawo ya sake taɓawa. In ka ce kana sauri, ya ce, "Lahira ma ba a rufe ƙofa, mi kake ma sauri?"

Wata Litinin da hantsi, shekara biyu bayan mulkin kai, aka turo kamiyon Alhaji gabansa. An riga an yi lodin gishiri zuwa kasuwar Gaya, can gaba da Dosso, mutane kusan talatin suna bisa kaya, mata da kwandunansu, tsofaffi da buta. Shofer ɗin sabo ne, Amadu, magidanci da ya shekara goma yana jan taksi cikin gari, bai taɓa riƙe babbar mota ba sai makon nan. Ya zo yana sharce gumi.

"Baba Illo, ƙafar baya ce ta sace, ta hagu. Na ce bari in cire in kawo maka. Ƙarfen nan sun yi tsatsa, wallahi sai da na sa bututu a kile na hau kai."

Illo ya durƙusa, ya tofa yawu a yatsa ya goge kan bulon ɗaya. Sannan ya bi su yana taɓawa. Uku sun karye, sun bar kututture cikin rami. Cikin biyar da suka rage, biyu sun miƙe sun yi siriri a wuya.

"Amadu, taho. Wanga mi ne ne?"

"Harafi ne."

"Na san ba kunama ba ce. Wane harafi?"

"G."

"Kai da ka yi lakkol har aji huɗu. To ba tsatsa ba ce, ɗan'uwa. Kai kana ja, ita tana ce maka ba nan ba, kai kana hawa bisanta da ƙiba."

Daga bisa kaya wata murya ta faɗo. Balkisa ce, Bazabarma haifaffiyar Yamai, mai sayar da busasshen kifi a Ƙaramar Kasuwa, wadda ba ta wuce Illo ba tare da ta tsokane shi ba, don Gobirawa da Zabarmawa abokan wasa ne tun kakanni. Hausarta ta kasuwa ce, namiji da mace duk ɗaya ne a bakinta.

"Kai Bagobiri, bawana! Ki yi sauri mana, rana yana ci mutane!"

"Ke dai riƙe kifinki, ya fi ki ƙamshi," in ji Illo, bai ko ɗaga kai ba.

Ana haka Alhaji Hamidu ya fito daga shago, carbi a hannu. Ya duba, ya ji bayani, ya ja Illo gefe jikin katanga, ya rage murya.

"Sabbin bulon fa?"

"Na hagu ba a samunsu a tasha. Sai an aika kanti, in an dace jibi."

"Jibi kasuwa ta watse. Illo, ka yi mata kwalliya."

Kowa a tasha ya san kwalliya. Ana samo ekuru, a cusa masa guntun ƙarfe, a liƙa shi da kwalta a bakin ramin da bulon ya karye, a shafa baƙin mai. Jandarma a bariyar fita gari ya zagaya, ya ga takwas cif, ya ɗaga sanda.

"Ba ni yi," in ji Illo.

"Biyar na riƙe da ita."

"Uku na riƙe da ita. Biyun nan jiran rami na fari suke. Ka san hanyar Dosso bayan damina, Alhaji."

"Allah ke tsarewa."

"Shi ne ya ba ni ido."

Alhaji ya yi murmushi irin na babba da ke lallashin yaro. "Illo, Illo. Wannan duk tsirfar Nasara ce da ka kwaso a gareji. Nasara sun tafi, sun tafi da tsirfarsu. Ƙasarmu ce yanzu, mu muka san yadda muke lallaɓa abinmu."

"Ni ma na yi rawa ran da aka sauke tutarsu, har takalmina ya tsinke. Amma ƙarfe bai san an samu mulkin kai ba. Ba wanda ya gaya mishi."

Murmushin ya ɗauke. Alhaji ya dubi dogonyaron, ya dubi rabin gangar, ya dubi gungumen, a hankali, yadda Illo zai ga yana dubawa.

"Shekara nawa kana gindin iccen nan?"

"Biyar."

"Na taɓa tambayarka wani abu?"

"Ba ka taɓa ba. Ka yi mini abin da uba ke yi, ban musu ba, ko gaban Alƙali."

"To yau na tambaya. In ka yi, shi ke nan. In ba ka yi ba, Moussa mai facin bayan tasha zai yi kafin in gama alwala, kai kuma ka nemi wata inuwa."

Illo ya san gaskiya ne. Moussa zai yi, kuma ba mugu ba ne, yana da bakuna bakwai a gida. Ya san kuma ƙin nasa kaɗai ba zai hana motar tashi ba. Zai iya cewa a'a, ya wanke hannunsa, ya zauna a inuwarsa, watakila ma Alhaji ya huce zuwa la'asar. Ya tsaya yana murza tsumman mai a hannunsa. Sai ya juya, ya taka zuwa tsakiyar fili, ya buɗe muryar nan tasa ta gefen inji.

"Jama'ar bisa mota! Ku saurara! Ƙafar baya ta hagu, ƙarfe takwas ke riƙe ta, uku sun karye, biyu na shirin bi. An ce in liƙa na ƙarya don jandarma, na ƙi. In wani ya liƙa, ku sani na ƙarya ne. Wanda ya ga zai hau haka, ga hanya. Ni dai na faɗi."

Har mai shayin tasha ya tsaya da cokali a kofi.

"Ƙarya yake!" in ji Alhaji. "Hassada ce irin ta talaka. Ku zauna, yanzu za a tashi."

Wani tsoho bisa kaya ya ce shi dai ya riga ya hau, kuma kwana in ya ƙare ko a gado ne. Wasu suka ce haka ne. Amma Balkisa ta tattare zaninta, ta kama igiyar lodi ta sauko da baya, tana haki.

"Bagobiri maƙaryaci ne tun kakansa," ta ce, "bari in gani da idona."

Ta tsuguna gaban ƙafar, ta sa yatsa tana ƙirga da Zabarmanci, da ƙarfi, yadda take ƙirga kifi. A rami na farko yatsanta ya shige. Ta zaro shi, ta dube shi, ta ci gaba. Da ta gama ta miƙe ta fuskanci Alhaji.

"Alhaji, kai ka shiga gaba kusa da shofer, mu je tare. In ka shiga, ni ma na hau."

"Ina da shago."

"Ni ma ina da yara. Ku miƙo mini kwandona!"

Kwandon ya sauko, wani ya biyo shi. Mata suka fara sauka suna salati, maza suka bi baya suna cewa dama su don matan suka haƙura. Tsohon nan ne ya rage shi kaɗai bisa gishiri, sai da ya ga babu abokin hira sannan ya nemi a kama masa buta. Amadu ya zo kusa da Alhaji, ya cire hularsa yana murzawa, ya ce shi ma, a gafarce shi, ba zai ja ta haka ba, kuskuren nasa ne kuma ya ɗauka.

Alhaji bai yi ihu ba. Ya dubi Illo ya ce, "Kafin azahar."

"Kafin azahar," in ji Illo.

Ya zubar da ruwan gangar a gindin iccen. Ya ɗaure famfo da kirik da kile a buhu. Masu tasha suka taru, wannan ya ce ya je ya durƙusa, wancan ya ce Alhaji mutum ne mai sanyi in an bi shi ta ƙasa. Wani ya ce ai da ya ƙi a asirce, da bai tona babba a gaban mata ba. Illo ya ce da ya ƙi a asirce, da yanzu matan suna hanyar Dosso. Balkisa, da kasuwar Gaya ta riga ta wuce ta, ta aza gungumen gawon a kai bisa gammo ta bi shi, tana faɗa wa duk wanda suka gamu da shi cewa ta sayi bawa Bagobiri yau, ga shi tana raka shi gida.

Sa'adatu ta ji labari kafin ya iso. Ba ta ce ya yi daidai ba, ba ta ce ya yi kuskure ba. Ta ce, "Mutumin da ya ɗaura mana aure, Illo." Ya ce ya sani. Ta zuba masa tuwo.

Wurin da ya samu can ne bakin hanyar Saga, fili fetal, ba icce ba katanga. Ya kafa sanduna huɗu ya aza zana. Motoci ba su tsayawa nan sai dole, watanni ya yi yana facin kekuna da amalanken masu shinkafa, yaransa suka san bambancin miya da nama da miya babu. Kamiyon Alhaji ya kwana uku a tasha, aka kawo bulon na hagu, Moussa ya sa su, ya tafi Gaya ya dawo lafiya. Masu son faɗa suka ce ga shi nan, ba abin da ya faru. Illo ya ce to, ai abin da ake so ke nan.

Bayan sallar layya Alhaji ya aiko limamin unguwa da magana mai daɗi. Gindin iccen na nan ba a ba kowa ba. An ce Illo ya dawo wurinsa, abu ɗaya kawai ake so, ya tsaya gaban mutanen tasha ya ce ranar nan ya yi wa Alhaji ƙazafi cikin fushi.

Illo ya shimfiɗa wa liman buhu, ya ba shi ruwa, ya saurara har ƙarshe.

"Malam, ka gai da Alhaji da kyau. Ka ce in yana so in zo gaban tasha in ce ya riƙe ni shekara biyar kamar ɗansa, gobe da asuba ina can. In yana so in ce na ɗaga mishi murya, na ɗaga, ya yafe mini. Amma uku sun karye, Malam. Ko ka kawo Alƙur'ani, uku zan ce."

Liman ya koma da amsar. Ba a sake aikowa ba. Illo ya yi sauran shekarunsa goma sha huɗu ƙarƙashin zanar nan, yana canja ta duk damina, kuma bai sake taka tashar Kalley da kayan aiki ba.