Ciyawar Kawu Sabo

Ranar sadakar ukun Kawu Sabo a Garo, ni na yi wa abokan wasansa na golf jagora zuwa cikin gida, su yi wa yayarsa Hajiya Iya gaisuwa.

Kawu dillalin hatsi ne, amma golf ta shiga ransa har ya mai da gonar gado filin ciyawa na buga wannan ƙwallon sanda. Ya haƙa burtsatse ya sa mata kwaɗo. Ciyawa na shan ruwa safe da yamma, matan unguwa na wucewa rafi da bokitai.

Bayan addu'a, babban abokan nasa ya gyara murya: "Hajiya, don Allah a kula da ciyawar nan. Da ita za a riƙa tuna marigayi."

Ta dube shi sama da ƙasa.

"Alhaji, ai kun makara. Kafin a dawo daga maƙabarta na sa aka fasa kwaɗon da sandar wasan nasa. Mata na ɗibar ruwa, awaki na can cikin ciyawar suna tuna shi. Ƙanena lada yake nema yanzu, ba ciyawa ba."

Suka miƙe, na raka su waje.

Kawu dai ya samu sadaka mai gudana ba da saninsa ba, Allah ya karɓa. Ku fa, wa zai fasa muku naku kwaɗon?